Yadda Ake Ganin Abin da Word Ya Ɓoye Kafin a Taɓa Gyaran Takarda

Yawancin aikin da ke shigowa shagunan kwamfuta a garuruwanmu, daga Gumel zuwa Kafin Hausa, daga Bichi zuwa Wudil, ba sabon bugu ba ne, gyara ne. Ɗalibi ya buga furojet ɗinsa a waya, wani babin ya kwafo daga intanet, wani kuma daga fayil ɗin yayansa da ya gama bara, ya turo ta WhatsApp ya ce a daidaita a fitar masa kafin la'asar. Kana buɗewa ka tarar kan magana ya zame gefe, wani layin kalmomi uku ne kacal amma sun baje daga wannan gefe zuwa wancan, ga kuma shafi fari fat a tsakiyar babi na biyu. Wanda bai san kan abin ba sai ya dira a kan Enter da Backspace. Ya gyara shafi na 3, na 17 ya lalace. Ya koma can, na 3 ya sake tashi. Man janareto na ƙonewa, mai aiki na tsaye a kansa.

Abin da ke jawo haka shi ne ba haruffa kaɗai Word yake ajiyewa ba. Duk tazarar da aka danna, duk Enter, duk Tab, alama ce da ke zaune daram a cikin takardar, nuna maka ita ne kawai ba a yi ba. Haka kuma kowane sakin layi yana ɗauke da nasa umarni: inda zai tsaya, irin haruffansa, da nisan da ke tsakanin layukansa. Tela idan aka kawo masa rigar da wani ya ɗinka ta karkace, juya ta yake ciki waje ya ga inda zare ya bi kafin ya sa reza. Haka za mu yi wa takarda. Bayanin nan na Word ne na kwamfuta, daga na 2010 zuwa yau, kuma na bar sunayen maɓallai yadda suke rubuce a fuskar kwamfutar don kada a sha wahalar nema.

Abu biyu kafin komai

Kada ka yi aiki a kan ainihin fayil ɗin da aka kawo. Shiga File, ka danna Save As, ka ƙara kalmar "gyara" a ƙarshen sunansa, na asalin ya zauna gefe. Idan da janareto kake aiki ko sola mai raunin batir, shiga File, Options, Save, ka rage minti 10 ɗin da Word ke jira kafin ya yi ajiyar ko-ta-kwana, ka mayar da shi 2 ko 3.

Na biyu girman takarda. Shiga Layout, wanda a tsofaffin Word aka rubuta Page Layout, ka duba Size. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter, takardar Amurka, mai tsawon santimita 27.94. Wadda muke saya a kasuwa A4 ce, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Mayar da shi A4 tun yanzu, ka kuma saita gefunan takarda a Margins yadda makarantar mai aikin ta tsara. Idan ka bar wannan sai ƙarshe, duk shafukan da ka jera za su motsa, aiki ya dawo sabo.

Buɗe alamomin

A shafin Home, cikin rukunin Paragraph, akwai maɓalli mai wannan alama: ¶. Danna shi, ko ka haɗa Ctrl da Shift da 8, wato 8 ɗin da ke saman haruffa, ba na ɓangaren lambobi na dama ba. Nan take takarda za ta cika da ɗige-ɗige da kibiyoyi. Ka yi saurin kwantar wa mai aiki hankali, don da yawa a nan suke cewa an ɓata musu furojet. Firinta ba ta fitar da ko ɗaya daga cikinsu.

Ɗigon da ke rataye a tsakiyar layi tsakanin kalma da kalma, danna maɓallin tazara ne sau ɗaya. Idan ka ga biyar a jere, sau biyar aka danna. Kibiya miƙaƙƙiya mai kallon dama Tab ce. Alamar ¶ kanta Enter ce, ƙarshen sakin layi. Kibiya mai lanƙwasa, ↵, ita ce Shift da Enter: ta sauko da rubutu sabon layi amma ba ta rufe sakin layin ba. Ƙaramar da'ira mai kama da alamar digiri tazara ce da ke manne kalma biyu ta hana su rabuwa, kuma ta fi yawa a rubutun da aka kwafo daga intanet. Za ka kuma ga layin ɗige-ɗige mai rubutun Page Break a tsakiya, da mai ruɓi biyu da aka rubuta wa Section Break. Wannan na biyun kada ka taɓa shi tukuna.

Akwai abin da ya kamata ya zauna maka a kai: umarnin sakin layi duka a cikin ¶ ɗin ƙarshensa yake. Shi ya sa idan ka goge ¶ da ke tsakanin kan magana da rubutun ƙasansa, sai su haɗe su zama abu guda, ɗaya ya ɗauki kamannin ɗaya.

Yaron shago ya taɓa kirana a kan wata takardar neman tallafi ta ƙungiyar manoman rani. "Oga, zo ka ga layin nan, ya ƙi haɗuwa. Na goge tazara har na gaji." Layin ƙarshe ne na sakin layi, "Allah ya taimaka" kawai aka rubuta, amma "Allah" na can hagu, "taimaka" na can dama, "ya" ita kaɗai a tsakiya. Na ce ya buɗe alamomin. Ɗigo ɗaya-ɗaya ne tsakanin kalmomin, babu ƙari, sai dai ga ↵ a ƙarshen layin. Sakin layin an daidaita shi gefe da gefe da Ctrl da J, Word kuwa yana miƙe kowane layi har bakin takarda ban da wanda ya ƙare da ¶. Ya goge kibiyar ya danna Enter, kalmomin suka koma kusa da juna.

Share tarkace a lokaci guda

Furojet mai shafi sittin ba a bin sa ɗigo-ɗigo. Haɗa Ctrl da H, akwatin Find and Replace zai fito, gida biyu: na sama abin da ake nema, na ƙasa abin da zai maye gurbinsa. Word yana da lambobin da yake kiran ɓoyayyun alamomi da su. Ana rubuta su da ɗan tsinin nan ^ da ake samu a Shift da 6: ^p shi ne Enter, ^l mai ƙaramin harafin l shi ne kibiya mai lanƙwasa, ^t Tab ce, ^m kuma Page Break.

Fara da tazara. A gidan sama danna maɓallin tazara sau biyu, a na ƙasa sau ɗaya, ka danna Replace All. Maimaita har Word ya ce bai sami komai ba. Sai ^l a sama, ^p a ƙasa. Sai ^p^p a sama, ^p a ƙasa, shi ma a maimaita. Wannan ne ke kwashe Enter barkatai da ake turo sabon babi da su zuwa shafi na gaba, kuma su ne uwar shafukan nan farare. Amma ka zaɓi jikin aikin kaɗai kafin ka yi, ka bar shafin farko da shafin sa hannun malamai, kuma idan Word ya tambaya ko ya ci gaba da sauran takardar, ka ce a'a.

Tazarar da aka jibge a farkon layi don turo rubutu ciki tana da gajeriyar hanya. Zaɓi sakin layukan, ka danna Ctrl da E, sannan Ctrl da L. Za su tafi tsakiya su dawo hagu, tazarar farkon ta ɓace.

Rubutun da aka kwafo daga PDF shi ne mai ban haushi, domin kowane layi da ¶ yake ƙarewa. Idan akwai Enter biyu a tsakanin sakin layukansa, yi masa wannan kafin waccan sharar ta sama: zaɓi wurin, ka mayar da ^p^p zuwa wata alama da babu ita a rubutun, misali @@@, ka mayar da ^p zuwa tazara ɗaya, sannan ka mayar da @@@ zuwa ^p. Idan babu Enter biyun, kai za ka bi ka sa @@@ a ƙarshen kowane sakin layi da hannu. Nan gaba kuma, duk abin da za ka liƙa daga waje, danna linzami na dama ka zaɓi Keep Text Only, rubutun ya shigo tsurarsa.

Tambayi rubutun halin da yake ciki

Alamar ¶ tana nuna abin da aka danna ne kawai. Abin da aka saita kuwa, sai ka haɗa Shift da F1. A wasu laftof sai ka ƙara da Fn. Wani allo mai suna Reveal Formatting zai buɗe a dama, kuma yana cikin Word tun na 2002, amma masu shago kaɗan ne suke leƙa shi. Duk inda ka ajiye tsinken rubutu, wato ɗan sandan nan mai ƙiftawa da ke nuna inda za ka rubuta, allon zai zayyano maka komai kashi uku: Font, wato nau'in haruffa da girmansu da harshen da Word ya ɗauka ana rubutu da shi, Paragraph, wato jeri da turin ciki da tazarar layi, sai Section, wato gefuna da girman takarda. Shuɗayen kalmomin da ke ciki ƙofofi ne, kana danna ɗaya akwatin gyaransa zai buɗe.

Misali, an sa kan magana a tsakiya amma ido na ganin ya ɗan karkata dama. Duba ƙarƙashin Indentation. Sau da yawa za ka ga First line santimita 1.27, turin farkon layi da ya biyo shi daga sakin layin sama. Mayar da shi sifili, ya zauna daidai.

Wurin da allon nan ya fi amfani a ganina shi ne kwatance. Sufabaiza ya zagaye sakin layi biyu da jan biro ya rubuta cewa ba iri ɗaya ba ne, kai kuma ka duba ka rasa bambancin. Danna cikin na farko, ka sa alama a Compare to another selection a ƙasan allon, sannan ka danna cikin na biyu. Bambancin kaɗai zai fito: wannan girman 12 ne wancan 11.5, wannan tazarar layinsa 2 ce wancan 1.5. Akwai kuma Distinguish style source, wanda ke raba maka abin da salo, wato shiryayyen tsari na Styles da za mu zo kansa, ya kawo da abin da wani ya ɗora da hannu.

Wanki

Idan ka gano wurin da ya dagule, maɓallai uku ne. Ctrl da maɓallin tazara yana cire duk abin da aka ɗora wa haruffa da hannu: launi, girma, kauri, nau'i. Ctrl da Q yana cire na sakin layi. Ctrl da Shift da N yana mayar da sakin layin kan salon Normal.

Na farkon ba ya tambaya. Zai miƙar da sunayen littattafai da aka kwantar a manazarta, ya kuma miƙar da sunayen kimiyya irin su Sorghum bicolor na dawa da Vigna unguiculata na wake, waɗanda ɗaliban aikin gona dole su rubuta a kwance. Don haka ban yarda da Ctrl da A a bi shi da wankin gaba ɗaya ba, sai dai idan takardar ta wuce gyara. A bi sashe-sashe.

Haruffanmu masu ƙugiya

Nan ne wankin ya fi yin ɓarna. Malamin Hausa na sakandare zai kawo tsohon fayil na tambayoyin jarrabawa a sabunta masa. Ka canza nau'in haruffa zuwa Times New Roman, sai ka ga "wa]anda", "}asa", "za~e". Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. An buga shi ne da tsofaffin nau'ukan haruffan Hausa irin su Rabi'at, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomin kibod suka zana ƙugiya a kansu. A wurin kwamfuta har yanzu baka ce, ba ƙ ba. Haka zai fito a duk kwamfuta ko wayar da ba ta da wancan nau'in.

Maganin dindindin shi ne a sa haruffan gaskiya. Da Ctrl da H, mayar da } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Ka tabbata ba a sa alama a Use wildcards ba, kuma ka fara dubawa ko akwai wurin da aka yi amfani da baka a matsayinta na baka, kada ita ma ta koma harafi.

Samun haruffan ba wuya. Rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Na ɗ 0257, na ɓ 0253. Manyansu Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Akwai tarko guda: idan harafin da ya gabaci lambar yana cikin a, b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi cikin lissafin ya ba ka shirme, mu kuwa da yawa daga gaɓoɓinmu da a suke ƙarewa. Saboda haka a tsakiyar kalma ka rubuta U+0199, ba 0199 kaɗai ba. Mai buga Hausa kullum gara ya ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe na Windows ya huta. Idan ka ga ƙugiyar ta fita daban da sauran haruffan kalma, ta fi su siranta ko tsawo, zaɓe ta ka duba Shift da F1: nau'in da kake amfani da shi ba shi da harafin, Word ya aro daga wani. Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamani suna da su duka.

Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuma, Word ne ya ɗauka Turanci kake rubutawa. Zaɓi rubutun, shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a Do not check spelling or grammar.

Saita sau ɗaya

Bayan wanki, kada ka koma bin sakin layi ɗaya-ɗaya. A Home akwai jerin salo, Styles. Danna linzami na dama a kan Normal, ka zaɓi Modify, ka sa abin da makaranta ta nema, galibi Times New Roman girman 12 da tazarar layi biyu. Daga Format, Paragraph, ka duba Spacing After: Word na 2013 zuwa sama yana ƙara 8 a ƙasan kowane sakin layi, na 2007 da 2010 kuma 10. Shi ne gibin da mutane ke ta danna Backspace a kansa ya ƙi tafiya. Idan ana son turin farkon layi, a nan za ka zaɓi First line, ba da Tab ba. Manazarta kuma, inda layi na biyu ke shiga ciki, zaɓe su ka danna Ctrl da T.

Kan kowane babi ka ba shi Heading 1 da Ctrl da Alt da 1, ƙananan kanu Heading 2 da Ctrl da Alt da 2. Za su fito shuɗaye. Gyara su ta Modify su koma baƙi. A cikin na Heading 1, shiga Paragraph, Line and Page Breaks, ka sa alama a Page break before. Daga nan kowane babi zai fara a sabon shafi da kansa, ko an ƙara rubutu a sama ko an rage. Ɗan baƙin murabba'in da kake gani a gefen kanu shaidar irin wannan saiti ce, ba datti ba ne.

Ladar wannan wahala tana shafin ƙumshiya. References, Table of Contents, ya jero kanu da lambobin shafinsu da ɗige-ɗigensu. Sufabaiza ya sa a cire shafi biyu? Danna cikin ƙumshiyar ka buga F9, ta sabunta.

Lambobin shafi da Section Break

Shafukan farko na furojet lambar Romawa suke ɗauka, i, ii, iii, babi na ɗaya kuma ya fara daga 1. Section Break ne ke raba su. Ajiye tsinke a gaban kan babi na ɗaya, shiga Layout, Breaks, ka zaɓi Next Page. Danna ƙasan shafin babi na ɗaya sau biyu, ka kashe Link to Previous. Sannan Page Number, Format Page Numbers, ka zaɓi 1, 2, 3, ka sa Start at 1. Koma sashen farko ka zaɓa masa i, ii, iii.

Dalilin da na ce kada ka goge shi da garaje: Section Break yana riƙe da tsarin shafukan da ke samansa. Kana goge shi, na saman za su ɗauki tsarin na ƙasa. Idan na ƙasan jadawali ne da aka kwantar da takardarsa, babi guda zai kwanta tare da shi. Ctrl da Z ne mafita, nan take.

Shafin banza da ke biyo jadawali a ƙarshen takarda kuwa, ¶ ɗin da ke kansa ba ya goguwa, Word ba ya yarda takarda ta ƙare da jadawali. Zaɓe shi ka mayar da girmansa 1, zai koma shafin baya.

Fitarwa

Kashe alamomin da Ctrl da Shift da 8, ka danna Ctrl da P ka bi shafukan da ido. Sannan File, Save As, ka zaɓi PDF. Wannan ne za a kai firinta, musamman idan a wani shagon za a buga, domin fayil ɗin Word yana iya sake jeri idan ya tarar da wata firinta ko ya rasa nau'in haruffansa. Buɗe PDF ɗin ka nemi kalma mai ƙ da mai ɗ ka tabbata sun fito. Wajen bugawa zaɓi Actual size, ka fara fitar da shafi ɗaya mai jadawali ka duba gefen da za a ɗinke kafin ka saki sauran. Mai aiki kuma ka tura masa fayil biyun, PDF na bugawa, na Word na gyaran da sufabaiza zai sake nema.